Na Je Taron Masunta a Oron

Tudun Wada zuwa Makurɗi

Ƙarfe biyar saura kwata na bar gida, na yi Asuba a tashar Kwangila. Shekara goma sha biyu ina sayar da bandar kifin teku, ban taɓa ganin tekun ba. Mama Afiyong, mai aiko mini da kaya daga Oron, ita ta kira ni, ta ce kifi na ƙarewa, masunta za su yi taron kansu, suna son mai saye ya zo ya ji. Shingen jami'an tsaro tara na ƙirga kafin Lafiya. Bayan La'asar muka shiga Makurɗi, wani ɗan Gyallesu, maƙwabciyar unguwarmu, ya sauke ni a shagonsa, ya ciyar da ni sakwara.

Oron

Washegari muka bi ta Aba, sai Magariba na isa. Da safe aka zauna a rumfar banda, ba babban baƙo, ba dogon jawabi. Masunta suka zana gaɓar ruwa a ƙasa da gawayi. Wani dattijo, Baba Okon, ya nuna inda kifi ke zuba ƙwai, ya nemi a hutar da wurin wata huɗu. An yi gardama har Azahar. Wani ya ce daga nan 'ya'yansa bakwai ke ci, amma da aka zo ƙuri'a shi ma ya ɗaga hannu ya amince.

Rana ta biyu muka shiga kwalekwale ƙarfe bakwai don kafa turakun iyaka. Can muka tarar da ƙaton jirgin wani kamfani yana jan koma a daidai wurin. Ya tsinke ragar Baba Okon a idonmu, ma'aikatansa na watsa matattun ƙananan kifi cikin ruwa da shebur. Talaka ya haƙura da abincinsa, mai ƙarfi na zubarwa!

Wani jami'in gwamnati ya leƙo da yamma. Da aka faɗa masa, ya ce a rubuto takarda.

Na ce, “Ranka ya daɗe, kifin zai jira takardar?”

Ya duba agogo, ya shiga mota. Masuntan suka raba kwanakin gadi a tsakaninsu. Ni kuma na yi alkawarin daina sayen ƙananan kifi.

Gida

Kwana biyu a hanya, na iso Tudun Wada ana kiran Isha'i. Alhamdu lillahi. Mama Afiyong da Baba Okon, Allah Ya saka muku. Masu zuwa neman ƙanana don araha, ku yi haƙuri, babu su a teburina.