Tarwadar Yayana

Har yau in na ji ƙarnin kifi raina ɓaci yake, kuma yayana ne sila.

Shekarar da ya dawo Sabon Birni daga kudu, ya sa aka sare dalbejiyar tsakar gidanmu, aka gina kwamin siminti a wurin. Ya cika shi da ruwa ya zuba tarwada, ba irin ta gulbi da muka sani ba. Waɗannan baƙaƙe ne masu faɗin kai, babbarsu ta kusa tsawon taɓarya. Ba na sayarwa ba ne, ba na ci ba. Bayan la'asar abokansa kan zagaye kwamin, ya jefa hanjin kaji, ruwa ya yamutse, su yi ta ihu suna ɗauka da waya.

A shekarar ce kawunmu ya baro ƙauyensu ta wajen Tsamaye da iyalinsa, don zama can ya gagara. Ni ke girkin gidan, tun da na dawo bayan rasuwar mijina, ni na san yadda nake tsinka miyar kuka don ta ishi kowa. Ina tuƙa tuwo mahauci zai yi sallama da roba cike da huhu da tumbi, a wuce da ita ta gaban 'ya'yan kawu zuwa kwami. Su bi robar da ido.

Rannan na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, ko rabin naman ga a ba ni in sa a miya."

Ya ce, "Ke mi kinka sani? In ba su ci nama ba, junansu za su ci."

"To su ci junansu mana!"

Ko kallona bai yi ba.

Agwagwar Inna, mahaifiyarmu, ta ƙyanƙyashe. Wata rana ya yi baƙo daga birni, yana son ya burge shi, sai ya sunkuya ya ɗauki ɗan agwagwa ya jefa a ruwa da ransa. Bai ko fara iyo ba, baki ya buɗe ya haɗiye shi. Baƙon ya ce a ƙara, aka ƙara. Inna tana zaune tana tsinke zogale. Ta ajiye tiren ta shige ɗaki, ranar ko abinci ba ta ci ba.

Da bazara ta yi tsanani ya koma kudu wajen harkokinsa. Ana haka injin rijiyar unguwarmu ya lalace. Ruwan kwami ya koma kore, ya soma wari, kifayen suka taso sama suna buɗe baki. Kawu ya leƙa ya ce, "Ɗiyata, waɗanga ba za su kai ba. A fidda su tun da ransu a yi banda, gida ya ci."

Na kira Yaya na gaya mishi.

Ya ce, "Duk wanda ya taɓa su, za ni dawo in same shi. Ku nemo ruwa ku canza musu."

Kawu yana ji, don na buɗe muryar wayar. Ƙanen uwarmu ne, amma a gidan yake raɓe, sai ya sunkuyar da kai. Ni da matarsa muka riƙa jido daga rijiyar bayan gari cikin ranar nan mai ƙona tafin ƙafa, muna zuba wa kifi ruwan da yara ba su samu na wanka ba. Duk da haka suka mutu, ɗaya bayan ɗaya, ciki a sama. Kafin Yaya ya yarda a kwashe su sun kumbura. A buhu muka ja su zuwa juji, karnuka na biye da mu. Naman da zai ciyar da gidanmu har da maƙwabta.

Da ya dawo ya tsaya bakin kwamin ya ce hassada ce, da gangan muka kashe su. Ya faɗa a gaban kawu. Ban san na ɗaga murya haka ba sai da na ga matan maƙwabta a kan katanga. Na lissafa mishi huhu da tumbi da 'ya'yan agwagwa, na nuna mishi kanta a tafin hannuna. Inna ta riƙe mini zane tana cewa, "Bari, yayanki na." Na ce na sani, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ba a yi sati ba kawu ya ɗaure kayansa ya koma garin Isa wajen surukansa. Yaya bai tambayi dalili ba. Yana ta waya, yana neman inda zai samo wasu 'ya'yan kifin.