Iskar da Na Ƙaga wa Mijina

Assalamu alaikum, Malam Edita. Ni tsohuwa ce a nan Dutse, sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Abin da zan faɗa ya faru tun Turawa ba su daɗe da zuwa ƙasar nan ba, ina yarinya da goyon fari. Ni mai sanyin magana ce, ko kaza ba na iya kora da ƙarfi, kuma a ganina na lokacin, matar kirki ita ce wadda ba a jin tsakaninta da mijinta a waje.

Maigidana manomi ne mai fara'a. Wata shekara aka ɗebi maza aikin hanya har da shi, a can ya koyo shan giya. Da ya dawo, duk ranar kasuwar Kiyawa sai ya ratse wani ƙauye inda ake dafa ta, ya shigo gida da la'asar idanu jajur. Abu kaɗan ke jawo duka: tuwo ya yi ruwa, ko na daɗe a rijiya. Amma da farko, in gari ya waye ba ya iya haɗa ido da ni. Sai ya ajiye goro a bakin ƙofata, ya ce in yafe masa, ya rantse ba zai ƙara ba.

Kuskurena ya zo ranar da uwarsa, Inna, ta ga fuskata a kumbure ta tsare ni da tambaya. Na ji nauyin in ce ɗanta mashayi ne, ga shi ƙanen ubansa malami ne a Limawa, gidan da ake ganin girmansa. Sai bakina ya ce ai iska ce ta buge shi a wurin aikin hanya, in ta motsa ba ya sanin abin da yake yi. Inna ta fashe da kuka, ta ce dama ta faɗa, an sare itatuwan da ba a taɓawa. Washegari ta tafi Limawa wurin Baffa Malam ta karɓo rubutu, ta ce ni zan riƙa ba shi kowace safiya.

Haka na riƙa miƙa masa ƙoƙon rubutu, shi ya san ƙarya ce, ni ma na sani. Ran farko ya sha kansa a sunkuye. Kafin wata uku ya fara sha yana murmushi, har ya kan tambaye ni ko mutanen nasa sun zo jiya. Goro ya daina zuwa, ban haƙuri ma ya daina. To me zai ba da haƙuri a kai, tunda ni da bakina na ce ba shi ba ne? Maƙwabta in sun ji kukana sai su ce abin ya motsa, Allah ya ba shi lafiya. Shi ake yi wa sannu. Shekara biyu muka yi a haka.

Wata ranar kasuwa ina surfe, 'yata ta biyu tana bayana, ya shigo ya ce na kalle shi kallon raini. Ya fizge taɓaryar ya kawo duka. Na juya don kada ta sami yarinyar, ta sauka a kunnena na hagu. Tun daga ranar ban ƙara ji da shi ba.

Baffa Malam ya zo da kansa bayan kwana biyu. Na durƙusa daga nesa kamar yadda ake yi wa suruki. Ya ce in matso, ya zagayo ta ɓangaren kunnen da ke ji, ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, na daɗe ina karatu, ban taɓa jin iskar da ta san ranar kasuwar Kiyawa ba. Wace iri ce wannan?"

Hawaye suka zubo mini. Can na ce, "Baffa, ba iska ba ce. Giya ce. Ni na yi ƙarya."

Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi shekara biyu yana ɓarnar tawada a kan aljanin da babu shi, alhali mai laifin yana zaune yana shanye masa rubutu. A ranar ya tafi da ni da yaran gidansa, ya ce ba zan koma ba sai bayan kaka. Ya kira maigidan da wansa gaban mahaifina, ya ce ya faɗi abin da ya yi. Da ya fara cewa abin ne ya motsa, Baffa ya ce ya sake. Sai a karo na uku ya ce shi ya sha, shi ya doke ni. An ce mini ya yi kuka.

Baffa ya ɗora masa sharaɗi: kullum da magariba a zauren Baffan zai ci tuwo cikin maza, inda kowa zai ga idonsa ya ji numfashinsa, kuma ba zai ƙara zuwa kasuwa ba sai tare da wansa. Ba zan ce ya daina sha nan take ba. Sau biyu ya koma bayan na dawo ɗakina, amma a ranakun ba a bar shi ya shigo gida ba, a zauren Baffa ya kwana. Hannunsa dai bai ƙara taɓa ni ba har Allah ya karɓi ransa.

Na yafe masa tuntuni. Kaina ne na daɗe ban yafe wa ba, domin da taɓaryar nan ta ɗan kauce, kan jaririya za ta samu. Na ɗauka asiri nake rufa masa, ashe 'yar kunyar da ta rage masa nake cirewa. 'Yan'uwana mata, in namiji yana sha yana duka, kada ku ce iska ce, kada ku ce sammu ne ko zafin zuciya. Ku faɗa wa babban da yake jin nauyinsa, ku faɗi abin da sunansa, tun jikinku yana cikakke. Ku kuma maza da ke jin kuka ta bayan danga, ba sannu ake yi wa mai dukan ba. Ku tashi ku shiga.