Hodar Dur Bibi

Dur Bibi ba ta son baƙar fata, har da tata, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. 'Yar ƙabilar Shidi ce, jikar waɗanda aka kawo daga gaɓar Afirka. Shekara arba'in tana yi wa 'yan matan layinmu na unguwar Liyari kwalliya, tana shafe su da hoda har wuya. Ba ta iya zama wuri ɗaya. Kullum tana kan hanya da akwatinta na ƙarfe.

Mu ƙabilar Kacci ne, amma jikata Shahnila ta fi kowa duhu a gidanmu. Gida uku sun zo ganinta don neman aure, sun sha shayinmu, ba su dawo ba. Ranar da gida na huɗu za su zo, na kira Dur Bibi.

"Yarinya, daina motsi," in ji ta, tana shafa wa Shahnila hoda. "Ke da ni sai a duhu a gane mu da haƙora."

Shahnila ta fito da farantin shayi, fuska fari fat. Uwar saurayin ta jawo ta kamar za ta sa mata albarka, ta tsoma yatsa a ruwa, ta goga bayan kunnenta. Ta dubi yatsan, ta dube ni.

"Baiwar Allah, kun haɗa jini da Shidi ne?"

Dur Bibi tana tsaye bakin ƙofa. Ta ɗauki tsumma, ta jiƙa, ta wanke fuskar yarinyar tas a gaban baƙi.

"Ga ta nan, uwar ango. Yatsa ɗaya ba zai gama aikin ba. In jininmu ne, mun karɓa."

Ba su ko gama shayin ba. Na zagi Dur Bibi ranar, ban kuma janye ba, don Shahnila ta shekara biyu kafin wani ya sake tambaya.

Daga nan Dur Bibi ta ajiye hoda, lalle kawai take yi. Mata suka watse mata. Ba ta daina yawo ba. Sai ta shiga gida, ta ƙura wa matar gidan ido, ta fita ba sallama.

Bara, da ƙafa ta ƙi ɗaukarta, ta aiko a kira ni.

"Apa, yayata, ki bi layin nan," ta ce. "Duk wadda na taɓa shafa wa hoda, ta zo mini da fuskarta a wanke. Na aurar da su, ban san kamanninsu ba."