Ranar da Baba Nomau Ya Ƙi Kaɗa Kalangu

Wata rana, Asabar da sassafe, wani mahauci mai suna Tanimu ya shiga layin masu gudun kilomita ashirin da ɗaya, gwiwarsa ta dama a ɗaure.

Shekararsa arba'in da uku. Hawan jini ne ya sa likita ya tura shi gudu, sai abin ya shiga ransa. Kullum bayan Asuba sai ya zaga gari kafin ya wuce kwata.

Saura mako uku a yi gasar, santsin ruwan wankin tumbi ya kwashe shi, gwiwar ta gurɗe. Likitan ƙashi ya duba ya ce jijiya ta tsage, sai ya huta mako shida. In ta ƙarasa tsinkewa, sai an yi aiki, kuma ba lallai ya sake iya tsayuwar yini ba.

Mahauci kuwa da tsayuwa yake ci. Ga 'ya'ya biyar a gida.

Tanimu ya ce wa likita to. Mun dai san irin "to" ɗin da muke ce wa likitoci.

Ai abokan sana'a sun riga sun buga riguna da sunansa. Sarkin Fawa da kansa ya ɗauko Baba Nomau, tsohon makaɗin kalangu, aka sa shi a a-daidaita-sahu don ya riƙa bin Tanimu a gefen titi.

Ga wanda bai sani ba, kalangu kiɗan mahauta ne. In aka kaɗa wa mahauci taken gidansu, ko wuta ce a gabansa shiga zai yi.

Da wace fuska Tanimu zai ce ya fasa?

Ya haɗiye ƙwayar kashe ciwo biyu, ya sa dogon wando ya rufe bandejin.

Kilomita goman farko lafiya lau. Kalangu na tashi, abokai na kirari, Tanimu har ɗaga musu hannu yake.

A na goma sha uku ƙwayar ta sake shi.

Duk takun da ya yi, sai ya ji kamar ƙusa ake buga masa a gwiwa. Wandon ya fara matse shi saboda kumburi. Waɗanda ya wuce ɗazu suka dinga wuce shi ɗaya bayan ɗaya.

A na goma sha biyar ya ji wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwar.

Tsoro ya kama shi sosai. Ya tuna maganar likita, ya tuna yaransa. Amma da ya rage gudu sai a ƙara kiɗan, shi kuma ya ƙara cije baki. Kunya ta fi ƙarfin tsoron.

A na goma sha bakwai kalangu ya yi shiru.

Tanimu ya waiwaya. Baba Nomau ya sauko daga a-daidaita-sahun, kalangu rataye a kafaɗa, yana takowa a gefensa. Tsohon tafiya kawai yake, amma kafaɗarsu ɗaya da mai gudu.

"Baba, kaɗa mini. Saura huɗu kacal."

"Ba zan kaɗa ba, ɗana. Da wannan taken na zuga baffanka ya kama ƙahon bijimi, ina ganin hannunsa a kumbure. Ka san da hagu ya ci abinci har ya koma ga Allah. Ba za a ƙara da ni ba."

Tanimu ya san baffan nan. Yana yaro, shi yake ɗaura wa baffan tazuge, don hannunsa na dama ya shanye. Bai taɓa sanin yadda abin ya faru ba sai ranar.

Ya yi taku biyu, ya tsaya. Ya zauna a bakin kwalta ya fashe da kuka, ƙato da shi.

Cikin abokan wani ya ce Tanimu ya ba su kunya. Tsohon bai ko kalle shi ba, ya sa aka ɗauki Tanimu zuwa asibiti.

Da aka yi hoton gwiwar, likita ya daɗe yana kallo, sannan ya ce saura ƙiris jijiyar ta rabu biyu.

Wata huɗu ya yi yana jinya. Ƙanƙara a tsumma safe da yamma. Sanda. Ɗaga ƙafa a kan tabarma sau ashirin, yana zufa kamar mai noma. Masu rigunan nan sau biyu suka zo duba shi.

Da ya koma kwata suka sa masa suna Sha-Bakwai. Ya ji zafin sunan, ba ƙarya.

Gudun ma daga farko ya sake fara shi, kilomita ɗaya, a hankali, ba kiɗa.

Har yau bai taɓa karɓar lambar yabo ba. Amma daga safe har La'asar yana tsaye a teburinsa yana yanka nama, a kan ƙafafunsa biyu.

Darasi: Mai zuga ka ba shi zai yi jinyarka ba. In jikinka ya ce tsaya, ka tsaya, kunyar yini ɗaya ta fi nakasar shekaru sauƙi. In kuma kai ne mai kiɗan, ka riƙa duban ƙafar wanda kake kaɗa wa.

Akwai wanda ka sani yana gudu da ciwo don kada a ce ya gaza? Tura masa wannan tun bai yi nisa ba.