Rayuwar Malama Tamkar, Mai Koyar da Adon Harshe

Haihuwa

An haifi marigayiya a shekarar 1953, a garin da mahaifinta yake sana'ar gyaran agogo, mahaifiyarta kuwa ungozoma ce a asibitin garin.

Karatu da aiki

Bayan ta kammala kwalejin horar da malamai a 1974, aka tura ta koyar da adabin Turanci a makarantar sakandare, inda ɗalibai suka laƙaba mata Malama Tamkar, saboda ba ta fassara kalma face ta kawo kamance da abin da ke gabansu, ko ƙyauren ajin mai kuka ko fankar da ta gaji da juyawa. Takan ce, "Kalmar da ka haddace baƙuwa ce, wadda ka fahimta ita ce 'yar gida."

Aure da iyali

A 1977 ta auri wani ma'aikacin gidan waya, Allah ya azurta su da 'ya'ya uku. A 1986 zazzaɓi mai tsanani ya kama autansu, ya warke amma ya rasa jinsa. Da ta kai shi makarantar kurame, shugaban ya shaida mata cewa ba sa koyar da waƙen Turanci, domin wanda ba ya jin amo ba zai gane amsa-amo ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ku ba ni aji ɗaya mu gani."

Makarantar kurame

Ta haƙura da muƙamin shugabar makaranta da aka yi mata tayi, ta koyi maganar hannu da girmanta, yara suna dariyar kurakuranta. Karin waƙa ta koyar da shi ta hanyar buga tebur, su kuma sun shimfiɗa tafukansu a kai; amsa-amo kuwa a gaban madubi, suna lura da leɓɓansu. A 1999 ɗanta da 'yan ajinsa suka zauna jarrabawar adabi, akasarinsu suka ci.

Rasuwa

A 2019 shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata magana, sai da hannu ɗaya take maganar hannu, autan ya zama bakinta. Wata rana ta ga babbar 'yarta tana kuka, ta motsa yatsu, shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Yaya, ta ce kambamawarki ta yi yawa, ai tana nan tukuna."

Allah ya yi mata rasuwa a 2021, aka binne ta kusa da mijinta, wanda ya riga ta rasuwa. Ta bar 'ya'ya uku: babbar, ma'aikaciyar jinya, na tsakiya, mai gyaran lantarki, da autan, wanda ya yi jinyarta har ƙarshe. Allah ya jiƙanta.