Shaidar da Na Bayar a Kan Ɗan Maƙwabcina

Shekarun baya, bayan sojoji sun koma bariki an rantsar da farar hula, rediyo ta fara kawo labarin wani ƙudiri da aka gabatar a majalisar tarayya. An ce za a tsananta hukuncin masu fashi da masu sara da suka, a daina ba su 'yan watanni suna dawowa gari suna taƙama. A lokacin ina da shagon hatsi kusa da tashar Wudil, kuma a bencin ƙofar shagona ake zaman hira. Duk mai zama a bencin nan goyon bayan ƙudirin yake, ni kuwa na fi kowa ɗaga murya. Wani direba ma cewa yake ɗaurin rai-da-rai ya yi musu kaɗan.

Bari in kawo abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ayarin wani ɗan siyasa ya tsaya a tasha. Samarin da ke rakiyarsa suka diro daga mota, suka nufi baron abokina mai rake, mutumin Kausani, suka hau zara ba ciniki. Ya riƙe hannun ɗaya ya ce a biya shi. Saurayin ya zaro adda ya sare shi a damtse. Rana tsaka, kowa na kallo. Saurayin nan kuwa ɗan maƙwabcina ne, katanga ce kawai ta raba gidajenmu.

Daga nan 'yan sanda suka kama shi, suka zo neman shaidu. Sai bencina ya zama wayam. Direban nan ya ce lokacin yana ƙarƙashin mota yana duba birki. Mai shayi ya ce hayaƙi ne ya shige masa ido. Da na matsa, sai direban ya ce, "Malam, ba ka jin rediyo ne? Da sabuwar dokar nan, in ka buɗe baki, yaron nan shi da gida har abada. Ni ba zan ɗauki alhakin ɗan mutane ba."

Na ce, "Ba kai ne ka ce rai-da-rai ya yi kaɗan ba?"

Ya ce, "Ai 'yan wani gari nake nufi."

Ni ba na son aiki da jita-jita, don haka na je wurin ɗan sanda mai gabatar da ƙara na tambaye shi. Ya ce har yanzu ƙudiri ne, ba a sa masa hannu ba, da tsohuwar doka za a yi shari'a. Na dawo na faɗa musu. Suka ce rediyo ta fi ɗan sanda sani.

Sai kuma ga maƙwabcina a zaurena, tare da mai unguwa da limamin unguwarmu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, har aka tambayi lafiyar awaki. Sannan mai unguwa ya ce a rufa asiri, za a biya kuɗin magani, maganar ta mutu a gida. Maƙwabcina bai ɗago kai ba. Ya ce, "Malam, a hannunka yaron nan ya tashi. Ka ce ba ka gane fuska ba, shi ke nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah gafarta Malam, na ji. Amma jiya na je asibiti. Likita ya ce hannun nan ba zai sake riƙe wuƙar fere rake ba. Shi wa zai rufa masa asiri?"

Liman ya shafa addu'a suka tashi.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta yi nauyi. Na shiga wurin mahaifiyata na zauna a bakin ƙofa na kwashe komai na gaya mata. Ta ce, "Kai, ka gani ko ba ka gani ba?"

"Na gani, Inna."

"To me ka zo tambayata?" Sannan ta ce, "Uwar yaron nan ita ta riƙe ni ranar da ubanka ya rasu. Je ka faɗi abin da idonka ya gani. Kada ka rage, kada kuma ka ƙara masa ko kalma ɗaya."

Ranar shari'a na sa farar riga na tafi kotu. Da aka rantsar da ni, sai na fara daga tashina sallar asuba, na zo kan buɗe shago, na shiga lissafa wanda ya fara sayen dawa. Alƙali ya ce, "Malam, kotu na son ta tashi yau. Kai mu wurin addar." Aka yi dariya. Na kai su wurin addar. Lauyan saurayin ya juya ni ta kowace fuska, ya tambaye ni ko na ga ya ɗauki kuɗi. Na ce ban gani ba, sara na gani. Aka yanke wa saurayin ɗaurin shekaru, aka kuma sa a biya abokina diyyar hannunsa. Da ita ya kama sayar da goro a zaune.

Ƙudirin nan har yau ban san inda ya kwana ba. Ina nan a kan ra'ayina cewa mai saran mutum ya cancanci hukunci mai tsanani. Sai dai na gane cewa ko Abuja ta rubuta doka mai zafin wuta, in babu wanda zai miƙe a kotu ya ce na gani, ba za ta taɓa kowa ba.

Maƙwabcina bai sake amsa sallamata ba har ya bar duniya. Wannan ya yi mini ciwo, kuma yana yi har yanzu. Na je jana'izarsa na tsaya a sahun gaba, mutane na kallona. Na yi masa addu'a da zuciya ɗaya, ban kuma sunkuyar da kaina ba.