Koriyar Wutar Baba

Shekarun baya, lokacin ina gyaran na'urori a wani ɗan shago a Kakuri, kunnen mahaifina ya mutu gaba ɗaya. Ƙarar injinan masaƙar da ya yi aiki ce ta cinye shi a hankali. Rashin jin hira bai dame shi ba kamar rashin jin ladan. Mutumin da sahun gaba bai taɓa wuce shi ba ya koma sai mahaifiyata ta taɓa kafaɗarsa, ranar da ta fita kuwa jam'i ya wuce shi. Na taɓa ganinsa yana share hawaye a kan darduma.

Sai na ɗauko wata tsohuwar na'urar intanet mai ƙananan fitilu da maɓalli ɗaya a gaba. Na goge manhajar kamfani, na rubuta tawa: in lokacin salla ya yi, jar wuta ta yi ta ƙiftawa, Baba ya danna maɓallin, ta mutu, saƙo ya shigo wayata cewa "Baba ya tafi masallaci." Na kai masa Unguwar Mu'azu ina hura hanci, ni a dole injiniya.

Kwana biyu sai mahaifiyata ta kira ni, wai ya kifa kwano a kan abin.

Na je na rubuta masa a takarda: "Baba, me ya faru?"

Ya karanta, ya ce, "A masaƙa, in jar wuta ta kama, hannun wani ne ya shiga inji. Tana kunne aka fitar da aminina. Ba za a kira ni gaban Ubangiji da ita ba."

Kunya ta rufe ni. Na san kowace waya a cikin na'urar, amma ban san wannan game da ubana ba. Layi ɗaya na canza, wutar ta koma koriya. Ya yi murmushi ya ce, "Yauwa. Wannan ita ce wutar fara aiki a masaƙa."

Shekara uku saƙon nan yana shigowa sau biyar a rana, har na daina lura da shi. Wata Talata la'asar ta yi, ta wuce, wayata shiru. Na rufe shago na tari Keke Napep. Tun daga bakin layi na hangi takalma a ƙofar gidanmu.

Bayan sadakar bakwai na miƙa hannu zan zare na'urar. Mahaifiyata ta ce, "Bar ta. Ai ni ma ina salla."

Tun daga nan ban ƙara haɗa wa kowa komai ba sai na zauna na ji abin da idonsa ya gani. Ita kuma har yau tana dannawa. Minti biyu ya ishe ni in gyara kalmomin saƙon, amma na kasa. Ɗazu ma da azahar ya shigo: Baba ya tafi masallaci.